Ƙarfe Tara da Minti Goma a Bakin Ƙofa

Shekara ashirin da shida muka yi tare a rajistar kotu, ni a kan tebur, shi a kan keke. Ni nake buga takarda in danna mata hatimi, shi yake kai ta. Kowa Sa-Hannu yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci, domin maganar da ta fi fita daga bakinsa ke nan. Ba ya barin takardar kotu wurin maigadi, ba ya zura ta ƙarƙashin ƙofa. Sai wanda aka rubuta sunansa ya karɓa da hannunsa, ya sa hannu a wani littafi mai baƙin bango, ya kuma rubuta ƙarfe nawa. Sauran masinjoji kan gama zagayensu kafin rana ta take. Shi kuwa sai ya dawo da yamma da takarda biyu a jaka, ya ce masu su ba su samu ba, da safe zai koma.

Gajere ne, siriri, kullum ƙafar wandonsa ta dama tana cikin safa saboda sarƙar keke. Agogonsa yakan daidaita shi da rediyo kowace safiya. An taɓa ba shi sammacin wani attajiri da ya ɓuya a ɗakin ajiyar shagonsa, ma'aikata suka ce ya yi tafiya. Sa-Hannu ya ce Allah ya dawo da shi lafiya, ya ɗauki tsintsiya ya share musu gaban shago, ya zauna. Ɗakin ajiyar ba shi da taga, ga zafi. Bayan awa uku mutumin ya dawo daga tafiyarsa sharkaf da gumi, ya sa hannu.

Akwai abin da wanda bai yi aikin kotu ba bai sani ba. Keken nan da yake hawa ba na kotu ba ne, na ma'aikatar ayyuka ne. Tayarsa ta fashe, sai mun rubuta musu. Ƙwan fitilar ɗakin alƙali ya mutu, sai mun rubuta musu. Kwaɗon ƙofar kotun ma su suka saya, kuma suna da makulli ɗaya a wurinsu. Muna zaune da wannan kamar yadda ake zaune da rufin da ke yoyo, kowa ya san inda zai ja kujerarsa.

A shekararmu ta goma sha tara ne ma'aikatar ta ce za ta rushe layin rumfunan masu sana'a da ke bayan tashar mota, masu walda da kafintoci da masu facin taya, rumfa arba'in da ɗoriya. Masu rumfunan suka kai ƙara. Shugabansu wani ƙato ne mai tabon ƙuna a damtse, Mai Walda ake ce masa, unguwarsu ɗaya da Sa-Hannu, har suna zama benci ɗaya da yamma. Ranar da za a yi rusau, da sassafe, alƙali ya ba da umarni a dakata sai an saurari ƙarar. Ni na buga umarnin da sauri. Sunan babban sakataren ma'aikatar ne a sama. Sa-Hannu ya karɓa ya hau keke, ya isa ƙofarsu ƙarfe tara da minti goma.

Suka karɓe shi hannu bibbiyu. Aka ce babban sakatare yana taro, aka ba shi benci a baranda, aka kunna masa fanka, aka kawo masa shayi har sau biyu. Tunda nake ban taɓa jin an karrama masinja haka ba. Daga barandar ana jiyo ƙugin katafila, don wurin bai fi tafiyar minti goma a keke ba. Ya zauna da takarda a cinya. Ƙarfe huɗu saura minti goma aka kira shi ciki, babban sakatare ya ba shi haƙuri a kan jiran, ya sa hannu, ya duba agogo, ya rubuta lokaci da kyakkyawan rubutu.

Da aka koma gaban alƙali, lauyan gwamnati ya ce su masu biyayya ne ga kotu, tun minti ɗin da umarni ya shiga hannunsu ba a ƙara taɓa ko kwano ɗaya ba. Gaskiya ya faɗa, babu sauran kwanon da za a taɓa. Shaidarsa kuma littafin Sa-Hannu ne. Alƙali ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya rufe ya miƙo mini.

A bakin ƙofar kotu Mai Walda ya tare shi. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye shi abin da ya hana shi zuwa wurin ya ɗaga takardar a gaban direban katafila.

Sa-Hannu ya ce, "Ba sunan direba aka rubuta ba."

Mai Walda ya dube shi daga hula har safa, ya ce, "To ai ka kai ta. Sannu da aiki."

Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwarsa ba. Ni kuwa na gaya wa Sa-Hannu cewa ƙa'ida ya bi, babu mai kama shi da laifi. Ya ce ya sani. Bai ƙara tayar da zancen ba har muka yi ritaya. A takardar kayan ofis da na bari an rubuta cewa littafi ɗaya mai baƙin bango ya ɓata. Ni na sa hannu a kan haka.

Shekaru suka tura. Gwiwa ta fara ba shi matsala amma bai rabu da keke ba, sai dai yanzu nasa ne na kansa. 'Ya'yansa maza suka watsu, aka bar shi da matarsa da Auta, wadda ta karanci aikin ofis ta samu gurbi a wannan ma'aikatar dai, tana buga takardu a kwamfuta a ofishin babban sakatare. Wani ne daban yanzu a kujerar, na wancan lokacin ya daɗe da barin duniya. Auta ce ke riƙe da gidan, wannan kowa ya sani, ba sai an faɗa ba.

Sai aka fara sanarwa a rediyo cewa majalisa ta kafa kwamitin gyaran kundin tsarin mulki, zai zagaya ya ji ra'ayin jama'a a kan yadda za a daidaita iko tsakanin masu zartarwa da majalisa da kotuna. Kullum ana ta muhawara, wa zai naɗa alƙalai, wa zai iya tsige wa, daga ina kotu za ta riƙa samun abin gudanar da aikinta. Ni ina ji ina gyangyaɗi. Ashe shi ba gyangyaɗi yake yi ba.

Wata safiya ya jingine keke a ƙofata, ya miƙo mini takardar da ya yago daga littafin makaranta, ya ce in fito da tsohuwar tafiretata. Na ce masa ribon ɗinta ya bushe tun kafin haƙoransa su fara zubewa. Ya ce ai ni ma na bushe kuma ana amfani da ni. Na karanta. Shafi ɗaya ne. A sama ya ba da labarin ranar rusau, da sunan ofishin, da lokutan biyu. A ƙasa buƙata biyu. Ta farko, umarnin kotu ya fara aiki daga lokacin da ya iso ƙofar ofis, ba daga lokacin da mai ofis ya ga damar sa hannu ba. Ta biyu, keken masinja da fitilar alƙali da makullin kotu su fita daga hannun waɗanda kotu ke yi wa hukunci.

Na ce masa lauyoyi za su yi dariya, za su ce wannan maganar dokokin aikin kotu ce, ba ta kai ta shiga kundin ƙasa ba. Ya ce dokokin aikin kotun ne suka zaunar da shi a benci, shi wanda ya fi su yake nema. Na buga masa. Amma da yake ina tuna inda Auta take aiki, sai yatsuna suka tsallake wasu wurare. Sunan ofishin bai fito ba, ranar ba ta fito ba, lokutan ma na mai da su "da safe" da "da yamma". Idonsa ya yi rauni, bai lura ba. Ya ninke ya tafi ya rubuta sunansa cikin masu son yin magana.

Bayan kwana huɗu Auta ta zo gidana da jakar ofis a kafaɗa. Ta gaishe ni, ta zauna a bakin kujera. Ta ce jerin sunayen masu magana ya biyo ta ofishinsu, ba ta san ta yaya ba. Ta ce darakta ya kira ta ya tambayi lafiyar Baba. Da ta fito ya sake kiranta ya sake tambaya, ya ce tsofaffi ba sa son shiga cunkoso, a riƙa kula da su.

"Kawu, kai kaɗai yake jin maganarka."

Na ce mata shekara ashirin da shida yana jin maganata, bai taɓa bi ba. Duk da haka na bi ta gidan. Muka same shi a tsakar gida ya kifa keke yana shafa wa sarƙa mai. Na faɗi abin da zan faɗa, na zagaya, na kawo maganar gwiwarsa, na kawo maganar zafi. Matarsa daga ƙofar ɗaki ta ce in daina wahalar da bakina, mutumin da ya sa ta sa hannu a takardar asibiti tana naƙuda ba ni zan juya shi ba. Shi dai bai ɗago ba sai da na gama. Sannan ya goge hannu, ya dubi 'yarsa.

"Auta, aikin naki ne, ba nawa ba. In kin ce in bari, na bari. Ba zan riƙe ki da komai ba."

Ba ta ce ya bari ba, ba ta ce ya je ba. Ta ce ya ba ta takardar ta gani. Ta karanta a tsaye, ta ɗago ta kalle ni, wani irin kallo da ban so ba, ta sa takardar a jaka ta shige ɗaki. Tun tana ƙarama take jin lokutan nan biyu, ba daga bakinsa ba, daga bakin 'yan unguwa.

Ranar taron da na je ɗaukarsa, na tarar da takardar a kan tebur, an sake buga ta fes a kwamfuta, kwafi uku. Na duba. Sunan ofishin ya dawo, ranar ta dawo, ƙarfe tara da minti goma da ƙarfe huɗu saura minti goma duk suna nan, har an ƙara musu kauri. Auta ta riga ta tafi aiki. 

A babban zauren wata kwaleji aka yi taron. An sanar cewa ƙarfe huɗu za a rufe, kuma duk takardar da ba ta shiga hannun kwamiti ba kafin nan ba za ta shiga rahoto ba. Mun isa da wuri, amma ya tsaya a waje yana duba agogo, ya ƙi shiga sai da abin da yake jira ya cika. Na duba nawa agogon, ƙarfe tara da minti goma.

Cikin zauren na manyan baƙi ne, ƙungiyar lauyoyi, wakilan gwamnati, tsofaffin alƙalai, 'yan jarida. Mu sauran aka jera mu a baranda, aka ba kowa lamba. Tamu sittin da uku. Wata jami'a mai fara'a ta ce wanda ba zai iya jira ba ya jefa takardarsa a kwalin da ke bakin ƙofa, za a duba. Da yawa suka jefa suka tafi. Sa-Hannu ya leƙa kwalin, ya tambaye ta wa zai sa hannu cewa an karɓa. Ta yi dariya ta ce Baba ai ba a sa hannu, jefawa kawai ake yi. Ya ce to zai jira.

Muka zauna. Ta lasifika muna jin jawabai, kowa an ba shi minti biyar yana cin ashirin. Wajen sha biyu aka raba mana ruwan gora. Ƙarfe ɗaya aka tafi hutu. Ƙarfe biyu aka jawo fanka aka saita ta wajenmu, jami'ar ta ce saboda dattawa. Ƙarfe uku da rabi ana kan lamba goma sha ɗaya, sai aka ce wakilin gwamnati zai yi jawabin rufewa.

Sa-Hannu ya dubi gorar ruwan da ke hannunsa, ya dubi fankar, ya shafa katakon da muke kai.

"Akawu," ya ce, "na san bencin nan."

Ya ajiye gorar. Ya sa hannu cikin riga ya fito da littafin da na ce ya ɓata, bangon ya koɗe ya koma ruwan toka. Ya ɗora takardarsa a kai, ya riƙe su a gaban ƙirji da hannu biyu, yadda yake yi idan ya tunkari ƙofar wanda ba ya son ganinsa. Na kama gefen rigarsa, ya zame. Sai na tashi na bi shi, don ban ga amfanin zama ni kaɗai ba.

Masu gadi biyu ne a ƙofar. Duk wanda ya daɗe a aikin gadin ofis ya san wannan tafiyar da wannan riƙon, kuma ya san ba a son a ce kai ne ka taɓa mai ɗauke da takardar kotu. Babban cikinsu ya ja da baya tun kafin ya yi tunani. Kafin ƙaramin ya tambayi ko daga ina, mun wuce.

Wakilin gwamnati yana kan cewa ɓangarorin uku 'yan uwan juna ne, ba a taɓa samun ranar da ɗaya ya ƙi jin maganar ɗaya ba. Sa-Hannu ya tsaya a tsakiyar hanya, bai nemi makirufo ba, ya fara karantawa. Ban san yana da murya haka ba. Ashe ma ba karantawa yake yi ba, ya haddace. Ya faɗi ranar, ya faɗi ofishin, ya faɗi lokacin da ya isa.

Shugaban kwamiti ya buga tebur. "Baba, a koma waje a jira lamba. Komai da tsarinsa."

"Ranka ya daɗe, na taɓa jira. Rumfa arba'in da uku."

Ya ci gaba. Da ya zo kan shayi sau biyu da fanka, wasu a baya suka yi dariya. Da ya zo kan ƙarfe huɗu saura minti goma, dariyar ta tsaya. Masu gadi suka taho, sai wani tsohon alƙali a layin gaba, wanda ban sani ba, ya ɗaga sandarsa kaɗan ya ce a bar mutumin ya ƙarasa, shi ma ya taɓa rubuta hukunci da tocila. Sa-Hannu ya faɗi buƙatunsa biyu, bai ƙara ko kalma ba. Duka bai kai minti uku ba.

Shugaban ya ga kyamarori sun juyo, ya saki fuska, ya ce an gode wa Baba, a miƙa wa sakataren kwamiti. Sa-Hannu ya hau matakala uku da gwiwar nan tasa, ya wuce sakataren, ya ajiye takardar a gaban shugaban, ya buɗe littafin a shafin da ke bin na waccan ranar, wanda ya bari fari tun lokacin, ya miƙa biro.

"Sunanka aka rubuta, ranka ya daɗe. Sa hannu."

Shugaban ya yi 'yar dariya ya sa hannu, ya juya agogonsa zai rubuta lokaci. Sa-Hannu ya ɗora yatsa a kan layin.

"Ƙarfe tara da minti goma na iso ƙofarku. Shi za a rubuta."

Shugaban ya ce ai yanzu ya karɓa. Sa-Hannu ya ce abin da wancan babban sakataren ma ya faɗa ke nan.  Ina tsaye a ƙasan matakala ina kallon biron yana lilo tsakanin yatsun mutumin. Ya dubi wakilin gwamnati, ya dubi kyamarori, ya dubi yatsan da ya ƙi ɗagawa. Sannan ya rubuta. Sa-Hannu ya kawo littafin kusa da ido ya tabbatar, ya rufe, ya ce Allah ya ƙara girma, muka fito. A baranda ya koma ya ɗauki gorar ruwansa, ya ce an ba shi ne.

Ba a yi mako biyu ba aka mai da Auta ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli a bakin gari, mota biyu take hawa kafin ta isa. Da na je yi mata jaje ta ce in bari, wurin yana da taga, kuma babu mai tambayar lafiyar Baba. Ta rame kaɗan. Uwarta ta yi kwana uku ba ta yi wa kowa magana ba, ni ma har da ni.

Rahoton kwamiti ya fito bayan wata biyar, ya kai kaurin bulo. Na bi shi shafi shafi da tabarau. Can baya, cikin jerin shawarwarin jama'a, akwai layi biyu a kan lokacin da umarnin kotu zai fara aiki. Ba a sa sunan kowa ba. Maganar keke da makulli an haɗa ta da ta lauyoyi an ba ta dogon suna. Majalisa ba ta zauna a kai ba tukuna.

Ranar da na nuna masa layukan, ya turo kekensa ya ce in raka shi wani wuri. Mai Walda yanzu a ƙarƙashin wata rumfar kwano yake a gefen titi, idonsa ya tafi saboda wutar walda, 'ya'yansa ke aikin, shi yana zaune a kan tsohuwar taya yana gane kuskurensu da kunne. Muka yi sallama, ya amsa tawa. Sa-Hannu ya miƙa masa kwafin takardar, ya ce in karanta masa. Na karanta duka, har da abin da shugaban kwamiti ya rubuta a littafi.

Mai Walda ya daɗe yana murza takardar. Ya ce wannan ba ta tayar da rumfarsa ba.

Sa-Hannu ya ce ya sani.

Ya tambaya ko an amince da ita. Na ce ba tukuna, sai majalisa ta zauna, wataƙila wata mai zuwa, wataƙila baɗi. Ya tambaya wa zai je ya tsaya musu a ƙofa. 

Sai ya miƙo hannu ya ce ina littafin, ai ya san ba a ba mutum takarda haka kawai. Sa-Hannu ya buɗe masa, ya kama yatsunsa ya kai su kan layi. Ya yi wani zane da ya cinye layi uku, ya tambayi ƙarfe nawa, aka gaya masa, ya ce a rubuta daidai. Sannan ya juya wajen babban ɗansa ya ce a jawo keken tsohon nan, tun daga kwanar titi yake jin feda tana ƙara, a ɗaure ta da kyau, majalisa da nisa.